Tulun Baba a kan teburin manya

Abin da idona ya fara faɗawa a kai da muka shiga filin taron a Talata Mafara shi ne tulunmu. An ɗora shi a kan tebur mai farin ƙyalle, an wanke shi tas, an ɗaura masa jan zare a wuya. Na gane shi ta ɓallin da ke bakinsa, don ni na ɓalle shi da ƙarfen bokiti. Na taɓa hannun Baba na nuna masa. Ya yi murmushi, ya gyara zaman hularsa.

A lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Ko a aji ba na ɗaga hannu, sai dai in kalla in riƙe a raina.

Gonar ranin da Baba yake nomawa tana kusa da Birnin Tudu, can ƙarshen hanyar ruwa. Kafin ruwan madatsa ya iso mana, na sama sun sha sun ƙoshi, wata rana ma laka kawai muke gani. Shi ya sa Baba ya je wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, ya ce ta cuɗa masa yumɓu da ɓuntun shinkafa, kuma kada ta bari wuta ta ci tulunan sosai. Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Kowa na gudun tulu mai yoyo, kai ka zo nema da ƙafarka?"

Baba ya binne su har wuya a tsakanin tumatir da tattasai, ya rufe bakunansu da kasko. Ruwan yana tsattsafowa a hankali daidai saiwa, rana ba ta shan ko ɗigo. Yakan ce tulu mai zufa shi ne na gona. Aikina bayan makaranta shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga murfi in leƙa, in gaya masa wanda ya yi ƙasa. Shekara uku maƙwabta suna kiransa mai binne tulu. A ta huɗu ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, gonakin gefenmu suka ƙone, tamu tana kore shar.

A shekarar ne wasu mutane suka zo da mota, suka ce ƙungiyarsu tana ba da lambar yabo ga manoman da ke tattalin ruwa. Suka ɗauki hotuna, suka rubuta lambar gona, suka roƙi tulu ɗaya. Bayan wata biyu Baffa, yayan Baba, ya aiko cewa an kira taro.

Gonar gado ce da ba a raba ba. Tun rasuwar kakanmu sunan Baffa ne a takardarta, shi ne babba. Shi kuwa shagon yadi gare shi a kasuwar Mafara, rabonsa da fartanya tun kafin a haife ni. Ban san wannan zance zai biyo mu filin taro ba. Baba ma bai kawo shi a ransa ba. Inna ta goge masa babbar rigarsa ta Sallah, a cikin mota kuma ina jin yana maimaita abin da zai faɗa ƙasa-ƙasa.

Aka ba Baffa kujera a gaba. Mu muka zauna a benci na baya, inda inuwar rumfa ta ƙare. Da mai lasifika ya fara bayanin manomin da ya binne tuluna, Baba ya sa ƙafa a takalminsa, ya dafa gwiwa zai tashi. Sai aka kira sunan Baffa.

Baba ya tsaya haka, bai miƙe ba bai zauna ba. Daga nan ya koma ya zauna, ya fara tafi. Shi ne na ƙarshe da ya daina.

Baffa ya waiwayo sau ɗaya yana neman mu da ido, amma an riga an kama hannunsa ana ɗaukar hoto. Aka miƙa masa takarda a cikin gilashi. Wata mata cikin baƙin ta ce ya yi wa manoma bayanin yadda ake yi. Ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce, "Ku samu tulu mai kyau, wanda ya gasu sosai, wanda ba ya zubar da ruwa."

Wani dattijo daga Dosara da ke gefenmu ya gyaɗa kai. Ya ce da Baba, "Ka ji ko, malam? Mai ƙwari ake so. Gobe zan saya."

Na ga leɓen Baba ya motsa. Amma a gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa magana a gaban jama'a. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

Da aka watse, Baffa ya same mu a gindin darbejiya, takardar a hammatarsa. Ya ce, "Ai duk namu ne. Sunan gida ne aka ɗaga."

Baba ya ce, "Haka ne, Yaya. Allah shi ƙara girma."

"Zan rataye ta a shago, kowa ya gani."

Baba ya kai hannu kamar zai taɓa gilashin, sai ya duba tafinsa da ya tsattsage, ya goge shi a riga, ya mayar aljihu. Na tuna Inna tana gida, tun safe ta sa an kafa ƙusa a bangon ɗaki.

Ban taɓa yi wa Baffa magana ba in ba gaisuwa ba. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Ke ɗiyata, mi ne ne?"

Na ce, "Baffa, don Allah a bar takardar ta kwana a gidanmu, ko da yau kaɗai."