Saƙon Baban Bashar Ga Mutanen Cikin Waya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ofis aka kira ni: Bashar ya rasu. Babur ya kayar da shi a hanyar Tsamaye.

Yanzu munka dawo daga maƙabarta.

Tebur ɗaya munka zauna da shi a sashen gona na sakateriya. Ranar da ya ce min za shi aje aiki ya koma saye da sayar da hannun jari a waya, na ce masa kansa ya taɓu. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero na bunni bai yi ido ba, kowa na riƙe da ɗan albashinsa hannu biyu, kai ka ce ka bari? Dariya kawai ya yi, ya ƙara min shayi.

Garinsu ba sabis. Kullum da hantsi sai ya hau babur zuwa wani tudu inda waya ke kamawa, ya zauna gindin aduwa har kasuwar hannun jarin ta tashi. Makiyaya sun san shi, suna kawo masa wayoyinsu ya yi musu caji. Ni kuwa na sa masa suna Manajan Gindin Aduwa, kuma yana amsawa.

Wata rana ya samu, wata rana ya dawo ido jajir. Bai taɓa yi min ƙaryar riba ba.

Amma ba asara ke cin ransa ba. Babansa ne. Tsohon ya ce cinikin da ba ka ga kaya ba, ba ka ga fuskar mai saye ba, ba ku yi musabaha ba, shi bai yarda da shi ba. Bashar ya je wurin malamai, ya bar duk kamfanin da sunka ce da shakka. Duk da haka Baba ya ce ba za shi ci ƙwayar hatsin da ta fito daga wayar nan ba. Ga rumbu ya yi ƙasa.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Bafarawa ne, yana ɗaure buhun gero a bayan babur. Na ce wa za ka kai wa, tunda mai gidan ba ya ci? Ya ce Inna ke karɓa ta ɓoye a ɗakinta.

"Za ni ci gaba da kaiwa, Lawali. Ina son ranar da Baba za shi ci, ya sa min albarka."

Yau bayan jana'iza Baba ya jawo ni gefe. Ya ce ya daɗe da sanin geron gonarsa bai kai wannan watan ba, ya san na wa ake tuƙa masa. Yana ci yana sa albarka a zuci, yana jiran ranar da bakinsa za shi iya faɗa.

Wallahi kuka na yi, ban ji kunya ba.

Sannan ya ce an nemi yafiyar 'yan unguwa da abokan aiki kamar yadda ake wa kowane mamaci, saura waɗanda yaron ya yi ciniki da su. Shi bai san garinsu ba, bai san ƙofar da za shi buga ba.

"Kai ka iya wayar. Ka gaya musu babansa ne ke roƙo, su yafe masa."

To ga shi na isar. Ban san ku ba, shi ma bai san ku ba. In ka taɓa saye ko sayarwa a kasuwar nan, wataƙila da Bashar kunka yi. Don Allah ka yafe masa.

Allah ya jiƙanka Manaja, ya haskaka kabarinka, ya ba Baba da Inna haƙuri. Wanda duk ya karanta ya sa shi a addu'a, ya rubuta "na yafe". Gobe za ni karanta wa tsohon.