Balkisu, wadda ta sha zagi don ta rufa asirin Sha'ibu

Kullum kafin rana ta yi zafi Balkisu ta bar gidanta a Sabon Gari, ta hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ta shiga neman masu cutar sida da suka daina zuwa likita karɓar magani. Yau Tibiri, gobe Jiratawa. Aikin da ta yi ke nan har furfura ta fito, kuma watan nan ta ajiye shi. Ni dai haushinmu nake ji, mu mutanen Maraɗi, don na ga irin tukuicin da muka ba ta.

Sha'ibu manomin zogale ne a Jiratawa, mutum mai kunya kamar sabon suruki. Kwatsam ya daina barci, bakinsa ya daina hutawa, wai shi zai ciyar da Maraɗi kaf. Ya rabar da zogalensa, ya kyautar da injin ban-ruwansa, ya yanka awakin matarsa. Mu kuwa muka ci, muka suɗe hannu, maroƙa suna binsa da "Alhaji ya samu buɗi". Sai da hannunsa ya bushe, ya fara kai wa mutane duka, sannan muka waye da cewa ai iska ce. Aka kai shi gidan mai magani a Tibiri, aka sa masa mari a ƙafa.

Balkisu ta san yana ɗauke da cutar sida, ta san ya bar shan magani, ta kuma san in cutar ta yi nisa takan taɓa ƙwaƙwalwa ta jawo irin wannan rawar kai. In aka bar shi a mari, mutuwa zai yi. Amma sirrin ba nata ba ne.

Da ta je gidan mai maganin, Barau, wan Sha'ibu, ya tare ta a ƙofa. "Madam, mi ya haɗa ki da ƙanena?"

"Malam Barau, ku kwance shi mu tai likita."

"Ciwon mi gare shi?"

"In ya samu sauƙi, shi hwaɗa maku da bakinshi."

Tun da ta ƙi faɗa, sai muka faɗa mata namu: wai dadironsa ce. Maganar ta kai har kunnen mijinta.

Balkisu, ke ce kika haɗiye wannan ƙazamin zance, alhali kalma ɗaya za ta wanke ki. Ke ce kika yi ta komawa har Barau ya gaji ya kwance marin. Kika kai Sha'ibu wurin likitan ƙwaƙwalwa, kika maido shi kan maganinsa. Balkisu mai ciki da faɗi!

Ranar da aka yi mata walimar sallama, Sha'ibu ya miƙe a gaban jama'a, da jiki da hankalinsa.

"Sida gare ni," in ji shi. "Ina shan magani, ina nomana. Matar nan asirina ta ruhwa, ku kuka tona nata na ƙarya."

Ba wanda ya ɗaga kai, har ni. Sha'ibu ne kuma ya ce in rubuta labarin nan da sunansa.

Mun gode, Balkisu, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuwa jama'a, in kun ga mai kunya ya daina barci yana ta rabon dukiyarsa, kada ku miƙa hannu ku karɓa. Ku kama hannun nasa ku kai shi likita.