Ƙwaryar Kaka Ta Samu 'Yar'uwarta

Jama'a, yau saura kaɗan in sha duka a Kalgo saboda ƙwarya!

Na je bikin al'adu da curin fura a jaka da ƙwaryar furar kakar innata, wadda muka gada a Gwandu tun farkon zuwan Turawa. Ana ta kiɗan kalangu, Zabarmawa na rawa, sai wata tsohuwa Bafulatana mai nono ta cafke min hannu.

"Wagga ƙwarya tawa ta! Ɓarauniya!"

Kiɗa ya tsaya cak! Mutane suka yi mana zobe.

Na ce, "Inna, wallahi gado ce. Ki duba kayanki."

Ta ɗaga faifai a fusace. Ga tata nan zaune! Irin zanen, irin ƙunar. Tawa kan kifi, tata wutsiya.

Ta karɓi tawa, ta kifa su baki da baki. Kifi ya haɗu cif!

Sai ta fashe da kuka. Ta ce kakarta ta fafe duma guda da ƙawarta Bahaushiya da aure ya kai Gwandu, kowa ta ɗauki rabi. Har ta rasu tana cigiyarta.

Ta share hawaye, ta harare ni. "To, miƙo furarki. Nonon ya daɗe yana jira."