Tsamiyar da Aka Haifi Kakana a Gindinta

Shekarar da na samu gurbin karatu a jami'a, wani malaminmu na sakandare ya tare ni a bakin kasuwar Jibiya, ya ce in nemi tallafin karatu da ake ba 'yan asalin jiha. Takardu biyu ake so, in ji shi: ta shiga jami'a, da ta shaidar asali, wadda sai dagaci ya sa hannu kafin a kai ƙaramar hukuma. Ta farko tana aljihuna. Ta biyun kuwa na ɗauka aikin yini ɗaya ce, tunda a Jibiya aka haife ni, kuma duk direban babbar mota da ke bin hanyar Maraɗi ya san rumfar da mahaifina ke ɗinkin tamfol, kusa da shingen kan iyaka.

Da na zauna cika fom ɗin sai na tarar da layin da ya tsayar da ni. Ana tambayar garin da aka haifi kakana na wajen uba. Kakan nan ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma ban taɓa tambayar komai a kansa ba sai dai na san manomi ne.

Na sami mahaifina a rumfa, ya take gefen tamfol da ƙafa yana tura basilla.

"Baba, a ina aka haifi mahaifinku?"

Bai ɗago ba ya ce, "A gona."

"Wace gonar?"

"Tamu mana. In kana son labarin ka tafi garinmu Magama wurin gwaggona, ita ta rage cikin ɗakinsu."

Tsohuwar, ƙanwar kakana ce, tana kirana maigida saboda wasan kaka da jika. Na iske ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta dube ni ta ce, "Maigida, mi za ka yi da wurin haihuwar mamaci?"

Na yi mata bayanin tallafin. Ta tura mini ƙwaryar gyaɗar don in taya ta, sannan ta ce da kaka ne, ana yankan gero, mahaifiyarsu ta kai wa maza abinci gona da tsohon ciki. Naƙuda ta kama ta a can. Wasu mata masu kalar zangarniya suka kewaye ta da zannuwa a gindin wata tsamiya, nan ta sauka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na san gonar tamu iyaka ta ratsa ta. Kudancinta a Nijeriya yake, arewacinta a Nijar, kuma wan mahaifina ne ke noma wancan ɓangaren, don can ya zauna da iyalinsa.

Na ce, "To, Kaka, tsamiyar a wace ƙasa take?"

Ta ce, "Tsamiya dai a gona take. Iyarmu ba ta tsaya tambayar ƙasa ba."

Da na so, da na rubuta Magama na huta, ba wanda zai bi diddigi. Amma abin ya riga ya shige mini rai. Na matsa wa mahaifina har ya yarda, ranar da ba kasuwa ya ɗauke ni a babur muka tafi. A lokacin hanyoyin ƙauye ba su zama abin tsoro ba kamar yadda suka koma daga baya.

Ban san me na zaci zan gani a iyaka ba. A shingen da na saba gani akwai tuta da jami'ai da dogon layin motoci. Nan kuwa wani guntun turken siminti ne, rabinsa ya nutse a rairayi, wani ma ya ɗaure akuya a jikinsa. Tsamiyar babu ita. Iska ta kayar da ita tun mahaifina yana saurayi.

Baffana ya hango mu daga nasa ɓangaren ya taho da fartanya a kafaɗa. Bayan gaisuwa mahaifina ya taka ya tsaya a wani ɗan kwari kudu da turken, ya ce, "Nan take."

Baffa ya girgiza kai. Ya koma arewa da turken kamar taku ashirin, ya buga fartanya a ƙasa. "Nan take. Ni na hau ta, kai lokacin ana goya ka."

"Yaya, a gindinta fa kunama ta harbe ni. Mutum na manta inda kunama ta harbe shi?"

Suka yi ta yi, kowa na kawo hujja, wannan ya ce daga nan ake hango rijiya, wancan ya ce ai rijiyar ma sabuwa ce. Ni kuma ina ta tonon ƙasa a wuraren biyu ko zan sami saiwa. Ban sami komai ba.

Muna cikin haka ɗiyar Baffa ta iso da fura. Tsarata ce, amma daga salla sai salla muke haɗuwa. Da ta ji abin da ake musu a kai sai ta yi dariya, ta ce, "Ai ni ma sai da na kai takardar zama 'yar ƙasa kafin a ba ni burs."

"Mene ne burs?"

"Abin da kake nema mana. Kuɗin karatu."

Ashe ta riga ni shiga jami'a a Maraɗi da shekara guda. Na tambaye ta ko an tambayi asalin kakanmu. Ta ce an tambaya, mai garinsu ya shaida cewa nasu ne.

Washegari na je wurin dagacin Magama. Dattijo ne mai fama da ido, yana zaune a zaure da hatiminsa cikin gwangwani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ban sani ba, kuma ba na so in rubuta ƙarya." Na kwashe labarin duka na gaya masa, har da na burs.

Ya ce, "Ranar da aka haife shi ba na nan, balle in shaida. Amma a garin nan ya yi aure, a sahun masallacin nan na san shi, kuma da hannuna na taya saka shi a kabari, ga maƙabartar can. Rubuta Magama. Su ma na can ba su yi ƙarya ba."

Ya hura hatimin, ya danna.

Bayan sati uku aka kira mu tantancewa a Katsina. Na tafi da dogon bayani a bakina, amma ba wanda ya tambayi kakana. Sunan mazaɓata kawai aka tambaya, da abin da ake nomawa a wajenmu. Da aka liƙa sunayen waɗanda suka dace, nawa yana ciki.

Kafin in tafi makaranta na koma Magama sallama da tsohuwa. Ta sa mini albarka, ta ɗaure mini ƙuliƙuli a leda, sannan ta ce, "Maigida, wai mi za su koya maka can?"

Na ce, "Aikin gona, Kaka."

Ta ajiye ledar ta dube ni sosai, ko wasa nake. Da ta ga da gaske ne, sai ta kira matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ta sa ni in maimaita musu da bakina.