Waifar Motar Gawa

Tun ban isa ɗaura zani ba Kawu Awudu yake tuƙa motar gawa ta masallacinmu a unguwar Maamobi. Wan mahaifiyata ne, tsohon direban trotro, wato bas ɗin haya, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsabta. Ba biyansa ake yi ba. In aka yi rasuwa, ko yana tsakiyar cin waakye ne, shinkafa da waken nan tamu, zai wanke hannu ya ɗauki makulli. Babu gidan da bai tsaya a ƙofarsa ba a layinmu, har yara sukan gudu in sun ga ya rage tafiya. Makullin nan shi ne mutuncinsa duka, don bai tara komai ba a duniya.

Motar tsohuwar bas ce fara, wani ɗan unguwa da ke Jamus ya aiko da ita sadaka. Ta tsufa, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba sai daminar da waifa, mai share ruwa a gilashi, ta fara iskanci. Ana cikin ruwa sai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, abin fesa ruwan ma ya ƙi motsi. Can kuma ta ci gaba da kanta kamar ba ita ba.

Kawu ya kai wa Masta Ganiyu, mai gyaran wayar mota a bakin babbar gota, magudanar ruwan unguwar Nima. Abokinsa ne tun makarantar allo, shi ya raɗa wa babban ɗan Kawu suna. Ganiyu ya canza fiyus, ya buɗe makunni ya goge, ya sa sabuwar roba, ya ɗebo bokiti yana sheƙa wa gilashi ruwa. Waifa ta yi ta kai da komo lafiya lau.

"Awudu, mota nan ba shi da komai," in ji Ganiyu. "Ka gani da idonka."

"Na gani. Amma a hanya yana tsayawa."

"To ka kawo shi ranar da ya tsaya."

Ta ina za a kawo ta ranar? Waifar ba ta tsayawa sai da gawa a baya. In ya fita shan mai a cikin ruwa, lafiya. In ya ɗauko mamaci, ayarin motoci na biye, sai ta ƙi. Kun san bakin mutanenmu na Zongo. Wasu suka ce mamatan ne ba sa son tafiya, wasu suka ce Kawu ne ke neman hanyar ɓoye ciwon ido.

Wata Talata aka ɗauko wata tsohuwa daga unguwar Kanda, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Waifa ta tsaya, Kawu ya leƙo da kai ta taga yana lalube, ya daki bayan wata tasi. Ba wanda ya ji ciwo, amma makara ta zame ta bugi ƙofar baya, 'ya'yan marigayiya suna gani. Abin bai yi kyau ba, ni ma ban ce ya yi ba.

Dattawan masallaci suka zauna bayan la'asar, suka kira Ganiyu ya faɗi abin da ya sani. Ina jin su daga rumfar kokona da ke jingine da katanga. Ya ce ya bincika motar ciki da bai, bai ga komai ba. Ya ƙara da cewa shekaru ba ƙarya ba ne, kowa idonsa yana gajiya. Da murya mai taushi ya faɗa, irin ta mai tausayi. Kawu bai yi musu ba. Ya ajiye makulli a kan tabarma, aka miƙa wa Mutala, mijin 'yar Ganiyu, wanda ya daɗe yana zaman banza da lasin tuƙi a aljihu.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu ya yarda. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya daina karatun Alƙur'ani a gaban mutane don kada ya yi kuskure a ce ga shi nan. Har gidan Ganiyu ya je ya yi masa godiya da bai ɓoye gaskiya ba.

Mutala ne ya fasa ƙwan, kuma ba da mugunta ba, shi dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya zo shan koko, Kawu na zaune a benci, na tambayi Mutala ya waifa.

"Ai tuntuni, Anti Wadia. Waya ɗaya ne kawai, wanda ake ɗaure a jikin ƙarfe. Ya yi tsatsa. Fitila da waifa duka nan suke sha, in ka kunna fitila sai waifa ya mutu. Tun kafin a ba ni kii Baaba Ganiyu ya ce kar in kunna fitila cikin ruwa sai ya kankare shi."

Shi ke nan asirin. Mai ɗauke da gawa yana kunna fitila ko da rana tsaka, don a ba shi hanya. A garejin Ganiyu kuwa wa zai kunna fitila da rana? Ganiyu ya gano, ya yi shiru, ya jira.

Kawu ya cire tabarau ya ninke. Ya tambayi Mutala sau ɗaya, "Kafin a ba ka?" Mutala ya ce e, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya bar kokonsa ya tafi.

Na ce wa Kawu mu je wurin dattawa. Na ce ni zan yi maganar in shi yana jin nauyi. Ya hana ni. Ya ce in ya karɓi makullin, auren 'yar Ganiyu zai girgiza, ita kuwa ba ta yi masa komai ba. Bai je garejin ba, bai zagi kowa ba. In sun haɗu a sahu yakan ba Ganiyu hannu, amma bai ƙara kallon fuskarsa ba. Ni kam ban da wannan haƙurin. Na daina sayar wa gidan Ganiyu koko, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Bara ciwo ya kwantar da Kawu. Ina ba shi ruwa ya riƙe hannuna ya ce, "Wadia, in lokaci ya yi, kar a sa ni a motar nan. Ku nemi trotro." Na ce ya bar wannan magana. Ya ce wasiyya ce.

Ranar da ya cika, Mutala ya wanke motar tas ya kawo ta ƙofar gida. 'Ya'yan Kawu suka cire kujerun wata trotro ta haya, aka shigar da makara, aka wuce Mutala yana tsaye da makulli a hannu. Liman ya aiko a tambayi dalili. Mata sun cika tsakar gida, matar Ganiyu na cikinsu da ƙwaryar sadaka a cinya. Kawu ya hana ni magana yana raye, amma bai ce in yi shiru bayan ransa ba. Na miƙe na faɗa musu tun daga fiyus har tabarau.