Mma Alima Mai Lulluɓe Kaya

A Nima an san Mma Alima da abu biyu: waache ɗinta, shinkafa da waken da ake yi wa layi tun safe, da kuma rufe kaya. Tana budurwa ta sauko daga Walewale ta yi dako a kasuwa, rana da ruwa duk a kanta suka ƙare. Da Allah ya ba ta ɗakin kanta sai ta ƙudura cewa abin da ya shigo hannunta ba zai zauna tsirara ba. Talabijin yana da rigar leshi, rediyo yana da hula, firji kuwa zane biyu take yafa masa. 'Yan gidan haya suna tsokanarta cewa baƙo ma in ya daɗe bai motsa ba, sai ta ɗinka masa murfi.

Ana nan sai ɗanta Awal, mai tuƙa tasi a New York, ya aiko mata da tsohuwar laftof ɗinsa. Idon Mma Alima ya yi rauni, fuska a waya ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a wurinta, ga matar Awal ta kusa haihuwa. Ranar da na'urar ta iso Mma Alima ta taka rawa a tsakar gida, ta sa aka ɗinka matashin karammiski mai taushi ta ɗora ta a kai.

Sai dai duk hirar da aka fara, na'urar ta soma huci ke nan, fuskar Awal ta daskare baki buɗe. Mma Alima ta taɓa ta, ta ji zau. Ita fa ta raini yara, ta san zazzaɓi in ta gan shi: a lulluɓe mai shi ya yi gumi. Ta ƙara bargo. Na'urar ta koma mutuwa da kanta. Kunya ta hana ta gaya wa Awal, kada ya ce ba ta kula da kyautarsa ba.

Aka haifi mace, jikarta ta fari. Ranar suna, safiyar can ta zo daidai da tsakar ranar nan, kwanon rufi yana ta zuba zafi. Mma Alima ba ta ɗora tukunya ba, ta ci ado, ta cika ɗakin da mata, ga goro ga masa. Murna ta hana ta zama wuri ɗaya. Rahinatu, 'yar maƙwabciyarta mai aiki a shagon buga takardu a Kanda, ta haɗa kiran. Malamin da ke can wurin Awal ya bayyana a allo, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya tsaya cak da hannu a sama. Can allon ya yi baƙi.

Mma Alima ta miƙe tana salati. Za a raɗa wa jikarta suna ba ta ji ba.

Rahinatu ta sa hannu ƙarƙashin bargon, ta janye da sauri.

"Mma, wa ya sa mishi bargo?"

"Ni. Jikinta ne da zafi."

"Wannan ba mutum ba ne, Mma. Ta ƙasa yake shan iska. Kin toshe mishi hanci, ba ya numfashi koraa, ko kaɗan."

Ta kifa na'urar ta nuna mata 'yan ramukan iska, duk sun cushe da gashin karammiski da tokar gawayi. Ta kira Awal a waya ta ce don Allah su riƙe malam, shi kuma ya ce ta yi sauri, malamin zai tafi wurin aiki. Da tsohon buroshin haƙori da tsinken tsintsiya ta yi ta sakace ramukan tana hurawa, ƙura tana tashi mata suna atishawa. Ta ce a samo abin da zai ɗaga ta sama.

Nan fa Mma Alima ta manta da ciwon gwiwa. Ta ruga ta kwaso gwangwanayen tumatir ta jera, aka ɗora na'urar a kai tsirara, abin da ɗakin nan bai taɓa gani ba. Ta ɗauko maficin kurfotinta na hura gawayi ta hau fifita, sauran mata suka kama da mayafansu. Rahinatu ta kunna, ta rufe tarkacen da ke buɗewa da kansu, ta sake kira.

Sai ga fuskar jaririya ta cika allo, har gashin girarta Mma Alima tana gani. Malam ya shafa addu'a ya faɗi sunan: Alima.

Mafici ya tsaya a hannunta. Guɗa ta ɓarke a ɗakin, ita kuwa kuka take yi tana dariya. Na'urar ta fara huci, Rahinatu ta zare maficin ta ci gaba da fifita.

Mma Alima ta share ido ta matso dab da allon, ta ƙare wa takwararta kallo tun daga kai har 'yan ƙafafun da ke waje.

"Awal," in ji ta, "ba sanyi ake yi a can ba? Ku ƙara mata bargo."