Gada Mai Gwiwa Biyu

Ndatsu haifaffen Bida ne, jikan maƙera, amma a Minna ya yi furfura. Yana saurayi ya zo ya koyi walda kusa da tashar jirgin ƙasa, ya yi aure, ya kafa rumfa a Barkin Sale. Ƙofofi da tagogi yake yi, da murhun gawayi. Hasken walda ya cinye masa idon hagu, shi ya sa in zai dubi mutum sai ya karkata kai. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya shiga rigimar kowa ba, sai shekarar da ruwa ya tafi da gadar layinsu.

Wani rafi ne ya raba layin da babban titi. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi, da damina kuwa har akuya yake ci. Da gadar katakon ta tafi, mutanen layi suka yi karo-karo, suka sayo ƙarafan gindin wata tsohuwar gingimari a wurin 'yan gwangwan, suka damƙa wa Ndatsu aikin. Daga nan fitina ta tashi.

Ranar da aka taru a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, Godwin ne ya fara miƙewa. Ma'aikacin asibiti ne, mutum mai fara'a a da. A kan tsohuwar gadar wani ɗan acaba ya kwashe 'yarsa Vivian tana dawowa daga makaranta, har yau tana jan ƙafa.

"Baba Ndatsu, matakala za ka yi mata," in ji shi. "Hawa da sauka. Kada babur ya sake bi ta nan har abada."

Iyaye da yawa suka gyaɗa kai. Sai wata murya ta fito daga gefen mata.

"To ni fa, Baban Vivian?"

Rhoda ce, tela, wadda shan inna ya nakasa tun tana ƙarama. Da kekenta mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, take zuwa kasuwa sayen yadi da zare. Tun da gadar ta tafi ba ta fita ba, sai ran da maza suka ɗauke ta suka tsallakar.

"Za a riƙa taimakonki," in ji Godwin, bai dube ta ba.

"Ni ba buhun masara ba ce da za a riƙa ɗauka ta. In ciwo ya kama ni babu kowa a gida, wa zan kira?"

"Ita 'yata wa ta kira?" in ji Godwin. Ya juya ga Ndatsu. "In ka yi ta a shimfiɗe, da hannuna zan fasa ta. Kowa ya ji."

Cocinsu ɗaya da Rhoda, amma daga ranar suka daina gaisawa. Abin ya ƙara ɓaci da 'yan acaba suka goyi bayan Rhoda, ba don Allah ba, don hanyarsu ce ta yanke. Wata safiya Ndatsu ya tarar an watsa masa ƙarafa cikin rafi. Ba a san wanda ya yi ba. Ya naɗe wando ya kwaso su. Matarsa Aishat ta ce, "Malam, ka mayar musu da aikinsu. Duk wadda ka yi, wani zai ce ka zalunce shi." Ya ce ya ji. Ga damina na ƙara ƙarfi, yara na ratsa ruwa har gwiwa suna tafiya makaranta.

Bai mayar da aikin ba. Ya ari bulo ya jera su a filin bayan rumfarsa, tsawon gadar da faɗinta, ya kafa sanduna biyu a gicciye, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, yadda mai wucewa dole ya karya kwana sau biyu. Ya aika aka kira Rhoda, da wani ɗan acaba mai suna Ubaidullahi. Godwin kuwa da ƙafarsa ya je gidansa.

"Ban zo roƙonka ba," in ji Ndatsu. "Ka zo ka tsaya ka gani. In babur ya wuce da gudu, matakala zan yi."

Godwin ya zo ya tsaya nesa, hannu a harɗe. Rhoda ta shiga, keken ya maƙale a kwanar farko. Ndatsu ya buɗa sandunan, ta wuce. Ubaidullahi ya taso da babur, ya lanƙwasa jiki ya fice kamar babu komai a wurin. Godwin ya yi tsaki ya juya zai tafi.

"Baban Vivian, tsaya," in ji Rhoda. "Baba, ba faɗin ne matsalata ba. Keken nan dogo ne, wurin juyawa nake bukata. Ka matse ƙofar wucewar, ka nisanta sandunan da juna."

Haka suka wuni suna ja da bulo. A matse, a buɗa, a sake. Da rana ta yi sanyi aka samu inda Rhoda ke wucewa a hankali, shi kuwa Ubaidullahi sai ya taka birki ya sa ƙafa ƙasa. Godwin ya matso ya nuna da ƙafa.

"Ba a tsakiya za ka sa sandunan ba. Daga gangaren titi suke tahowa da gudu. Can Vivian ta faɗi."

Ndatsu ya karkata kai ya dube shi, ya matsar da bulon.

Ranar da aka gama gadar, hadari ya haɗo daga gabas tun kafin azahar. An yi ruwa a kan duwatsu, rafin ya cika ya yi ja, yana dukan ƙarafan ƙasa. Mai unguwa ya ce a bari sai gobe. Rhoda ta ce yau za ta bi, don ba kullum cikin rana za ta riƙa fita ba. Layin gaba ɗaya ya fito. Yayyafi ya fara.

Ta hau gangaren, ta karya kwanar farko. A ta biyu, ƙafar keken ta baya ta zame a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, ta tafi gefe har ta daki bakin gadar. Rabin tayar na lilo a kan ruwa. Mata suka sa salati, wasu suka kira sunan Yesu. Ndatsu ya san shi ya bar farantin ƙarfen da ake takawa sumul. Samari suka yunƙura.

"Kada wanda ya taɓa ni!" in ji Rhoda.

Ta kama madogarin gadar da hannu ɗaya, ta kwantar da jikinta ɗaya gefen, ta ja keken baya kaɗan-kaɗan har tayar ta dawo. Ta huta, ta sake shiga kwanar, ta fita. Da ta sauka bakin titi ba ta yi murmushi ba. Ta waiwayo ta ce, "Baba, ƙasan nan santsi gare shi. Kuma a ɗaga bakin."

Ruwan na tsayawa Ndatsu ya jawo injin waldarsa, ya bi farantin da guntayen rodi a jere, ya ɗaga bakin gadar da taƙi guda. Godwin na tsaye har aka gama. Ya ga babura sun zo, sun tsaya, sun lallaɓa sun wuce, masu su na gunaguni. Sannan ya koma gida. Bai fasa gadar ba, amma an daɗe kafin ya sake amsa gaisuwar Rhoda.

Ndatsu bai samu hutu ba. Kwana kaɗan bayan haka masu sayar da ruwa a kura suka yi cincirindo a ƙofar rumfarsa, fuska a murtuke. Kurarsu ta fi ƙofar gadar faɗi, matan layin kuma sun fara zagin wanda ya hana su ruwa. Babu wanda ya tuna da su a taron. Ndatsu ya ɗauki tef ɗin awonsa, ya ce babbansu ya turo kurar, ya aika a kira Rhoda da Godwin.